Littafin gonar gwaji: masara da ƙunar ganye, daminar 2022

14 ga Mayu

Bara masarar yankinmu, nan gabashin Saminaka, ta bushe tana tsaye tun ƙwaya ba ta cika ba. A taron ƙungiya kowa da abin da ya ɗora wa laifi: wani ya ce takin jabu ne, wani ya ce ruwa ne ya yi yawa, wani ya ce iri ne ya gaji. Malamin gona ya ce cutar fumfuna ce ta ganye, wato ƙunar ganye, amma maganarsa ba ta shiga ba, don babu wanda ya ga fumfunar da idonsa. Shi ne aka yanke shawarar a ware fili a gwada bana, ni kuma aka ba ni riƙon littafi.

Fili biyu muka samu, hanyar shanu ta raba su. Na arewa masara aka yi a cikinsa bara, kara da busasshen ganye na nan kwance ba a kwashe ba. Na kudu waken suya aka cire. A kowanne za mu shuka iri uku: farar masarar gida da Kawu yake ajiyewa tun da daɗewa, da iri ɗaya daga jerin SAMMAZ na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da wani iri mai aure na kamfani, wato wanda aka haɗa iri biyu aka samar da shi, da muka saya a kasuwa. Kowane iri za a raba kunyoyinsa gida biyu, rabi a yi masa feshin maganin fumfuna, rabi a bar shi da halinsa. Taki ɗaya, ranar shuka ɗaya, noma ɗaya. Abin da muke son sani shi ne nawa ƙunar ganye take ci daga buhu, kuma tsakanin iri da fili da feshi wanne ya fi tare ta.

4 ga Yuni

An yi shuka. Santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami, ƙwaya ɗaya a rami. An wanke dukkan irin da Apron Star. Wannan magani yana kare tsiro ne a makonnin farko, ƙarfinsa zai ƙare tun kafin watan da ƙunar ganye take zuwa. Na rubuta haka da gangan, don wasu a cikinmu sun ɗauka wanke iri rigakafin damina gaba ɗaya ne.

19 ga Yuni

Tsiro ya yi kyau, sai 'yan gurabe a irin gida da muka cike. An sa kamfa 15-15-15, a tona a binne, ba a watsa ba. Da tsadar da taki ya yi bana tun da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke, ba mai ƙwarin zuciyar watsa shi ruwa ya tafi da shi. Tsutsar nan da ta shigo ƙasar a 2016 ta fara huda ƙoƙon masara, an fesa wa duk filayen maganin ƙwari daidai wa daida don kada ta ruɗa mana lissafi.

12 ga Yuli

Mun dawo gona bayan Babbar Sallah muka tarar ganyen ƙasa ya fara rawaya a filin arewa. Kawu ya tsaya a bakin kunya ya ce, "To Malam, ga cutar taku ta iso, ku kawo maganin." Na ce, "Kawu, duba inda rawayar ta faro." Daga tsinin ganye ta taso, ta bi jijiyar tsakiya tana sirancewa, gefen ganyen kuwa kore shar. Wannan yunwar taki ce, ƙarancin naitirojin. Da gefen ganyen ne ya ƙone tsakiya ta tsira, sai mu ce fotash ne ya gaza. Mun sa yuriya, aka yi ban ƙasa.

Na daɗe a kan wannan don nan ne kuɗin manomi yake zubewa. Duk ganyen da ya canja kama, a wajenmu ƙuna ce, magani kuma ƙarin yuriya. Yau ya dace yuriyar ce maganin. Amma wanda ya saba da haka, in ƙunar fumfuna ta zo a Agusta, buhun yuriya zai ƙara ciwo bashi ya zuba, ganye kuma ya ci gaba da mutuwa.

Akwai 'yan tsiraru masu fararen zane-zane a tsawon ganye, sun tsumbure. Wannan bairos ne da wani ƙaramin ƙwaro mai tsalle yake yaɗawa, ba ruwansa da fumfuna. Mun tuge su.

25 ga Yuli

Ƙunar ganye ta bayyana. A filin arewa, kan irin gida, ganye na uku da na huɗu daga ƙasa. Tabon dogo ne mai siffar kwalekwale, tsini gaba da baya, faɗi a tsakiya. Sabo launin toka-toka ne mai ɗan kore kamar an jiƙa wurin, tsoho kuma ya koma ruwan ƙasa ya bushe ƙayau. Na auna da rula: ƙarami santimita 3, babba ya kusa 12. Bai tsaya a jijiyoyin ganye ba, tsallake su yake yi. Masana suna kiran mai haddasa shi Exserohilum turcicum, kuma tabonsa kan kai santimita 15.

Don mutane su gani da idonsu, malamin gona ya yanko ganye mai tabo, ya sa a leda tare da jiƙaƙƙiyar takarda, ya ɗaure baki, muka ajiye a ɗaki ya kwana. Da safe tabon ya yi baƙi-baƙi, an lulluɓe shi da wani gashi mai laushi. Na shafa da yatsa, ya bar mini baƙin gari. Muka zagaya da madubin ƙara girma, kowa ya leƙa. Wannan garin shi ne irin cutar. Yana kwana rani a cikin tsohon kara da ganye, ruwan sama ya fantsama shi kan ganyen ƙasa, daga can iska ta riƙa ɗaga shi sama. In ya sauka a ganye, abin da yake buƙata kawai ganyen ya zauna a jiƙe awa shida ko fiye, da sanyi-sanyi tsakanin digiri 18 da 27. Mu da muke gindin tsaunukan Jos, raɓarmu ba ta bushewa sai hantsi, ai mun shimfiɗa masa tabarma. Daga saukarsa zuwa fitowar tabo mako ɗaya ne zuwa biyu, don haka abin da muke gani yau ya shiga ne tun wajen Sallah.

Filin kudu babu ko tabo ɗaya tukuna.

4 ga Agusta

Masara ta fitar da fure a ka, goyo ya fara fid da gemu. Yau ce ranar da ta fi kowace muhimmanci a wannan aiki, don haka zan rubuta dalili.

Ƙwayar masara ganye ne yake cika ta, amma ba kowane ganye ba. Ganyen da yake daidai goyo da waɗanda suke samansa su ne suke shan rana, su suke dafa mafi yawan abin da zai shiga ƙwaya daga fitar gemu zuwa nuna. Na ƙasa sun riga sun gama aikinsu, suna cikin inuwa, ko sun ƙone asarar kaɗan ce. Saboda haka tambayar ba wai akwai cuta ko babu ba ce. Tambayar ita ce, ranar da gemu ya fito, ina cutar ta kai? In tana can ƙasa kuma a hankali take hawa, ƙwaya za ta riga ta. In ta taɓa ganyen goyo tun yanzu, ga marka a gaba, asarar kan kai kashi 30 cikin 100, wani lokaci har rabi.

Mun ba kowane yanki maki daga 1 zuwa 5, yadda masu binciken masara suke yi: 1 ganye tas ko ɗigo kaɗan, 5 kusan duk ganyen ya ƙone. A filin arewa irin gida ya samu 3, tabo ya kai ganye biyu ƙasa da goyo. Mai aure 2. Na Samaru tsakanin 1 da 2. A filin kudu duka 1, sai ɗaiɗaikun tabo a kunyoyin da suke bakin hanya, wajen da iskar take shigowa daga filin arewa.

An yi feshi a rabin da aka ware, da maganin da ya haɗa azozistirobin da daifenokonazol. Mun jira raɓa ta bushe, iska ta kwanta. Yaron da ya goya famfo ya sa doguwar riga da takunkumi da safar hannu, duk da ƙorafin zafi, don a masarar da ta fi mutum tsayi feshin a fuskarsa yake dawowa. Wajen sayen maganin sai da muka karanta kwalba da kanmu muka duba lambar NAFDAC. Mai shagon da muka fara shiga, da jin "ganye yana ƙonewa" sai ya miƙo mana maganin tsutsa, yana rantsuwa shi kowa yake saye. Na tabbata da gaske yake, shi kowa yake saye.

17 ga Agusta

Marka ta kankama, rana ba ta fitowa sai jefi-jefi. A kunyoyin irin gida da ba a fesa ba, filin arewa, tabo ya haɗe da tabo, ganyen goyo ya tafi, na sama da shi ya kamu. Maki 4. Wanda aka fesa yana nan a 3: tsofaffin tabon ba su warke ba, feshi ba ya mayar da mataccen ganye, amma sababbi ba su fito a sama ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina irin Samaru ne. Shi ma ya kamu, wanda ya ce iri mai juriya ba ya kamuwa bai shiga gona ba. Sai dai tabonsa gajeru ne, ba su da yawa, kuma da muka sake gwajin leda garin da ya fito a kansu ɗan kaɗan ne. Tabo kaɗan, gari kaɗan, sabon kamu kaɗan, haka cutar take rasa gudu. Irin wannan juriya ƙwayoyin gado da yawa ne suke haɗuwa su ba da ita, kowace da ɗan nata, shi ya sa take daɗewa. Akwai wata juriyar ta ƙwayar gado guda ɗaya, irin su Ht1, Ht2, Ht3 da HtN. Ita tana tare cutar da ƙarfi, amma fumfunar kan sauya ta fito da sabon launi, wato sabon nau'i, da zai tsallake ta. Haka ta faru da Ht1, wadda kamfanonin iri na Amurka suka dogara da ita a shekarun 1960, kafin a samu launin da ya karya ta a shekarun 1970.

A wajen hutu aka yi gardama: in irin Samaru ya ci jarrabawa, me zai hana kowa a ƙungiya ya koma masa shi kaɗai bana mai zuwa? Ni ban goyi baya ba, kuma na ba su labarin 1970. A shekarar kusan kashi 85 cikin 100 na masara mai aure a Amurka uwa ɗaya ta haife su ta wani fanni: an yi amfani da wani gado da ake kira na Tekzas, mai hana furen namiji haihuwa, don kamfanoni su huta da biyan masu cire fure da hannu. Sai wani launi na Bipolaris maydis, ƙanwar wannan cuta tamu, ya zo daidai da wannan gadon. Ya taso daga jihohin kudu ya haura arewa, ya cinye kimanin kashi 15 cikin 100 na masarar ƙasar a damina ɗaya. Ƙasa mai jiragen feshi da jami'o'i ke nan. Gari guda ya shuka iri guda, ko da mai kyau ne, ni ina ganin ganganci ne.

Ita Bipolaris ɗin ma muna da ita a nan. Tabonta ƙanana ne, ba su cika wuce santimita biyu zuwa uku ba, suna kwance tsakanin jijiyoyi, kuma ta fi son zafi. Na ga kaɗan a kan mai aure.

30 ga Agusta

Sabuwar baƙuwa: tsatsa. Ƙananan ƙuraje ruwan lemo, cunkus a saman ganye, bayan ganyen kuwa kusan babu. Wanda ya ratsa kunya da farar riga zai fito da shaida. Wannan ita ce Puccinia polysora. Ba 'yar ƙasa ba ce, daga nahiyar Amurka ta zo, an fara ganinta a Saliyo a 1949, ta ratsa Afirka ta Yamma tana ɓarna cikin 'yan shekaru, ta kai Kenya a 1952. Ba ta kwana a mataccen kara, sai a ɗanyen ganye, iska ce take kawo ta daga inda masara ta riga tamu. Shi ya sa ba ta bambanta filin arewa da na kudu ba, duka ta sauka. Mai aure ta fi kamawa, abin da ban zata ba ganin yadda ya jure wa ƙuna. Juriya ga cuta ɗaya ba ta nufin juriya ga wata. Amma ta makara, ƙwaya ta wuce ruwan nono ta fara tauri, ba mu sake feshi ba.

Wani abu ya faru da ba ya cikin tsari. Ɗan Kawu ya shiga kunya biyu na gefe a filin kudu ya zage karmami don tumaki, ya kwashe har ganyen goyo da biyu na sama. Kawu ya so ya yi masa faɗa, na ce, "Kawu, ƙyale shi, ya yi mana aiki." Mun kafa turke mun ɗaura tsumma a kunyoyin. Masara ce lafiyayya da aka raba da ganyenta da hannu, za mu ga ko goyonta zai yi kama da na wadda cuta ta raba da nata.

15 ga Satumba

Daga kan hanya ma ana ganin bambanci. Irin gida da ba a fesa ba a filin arewa ya bushe fari fat kamar an kai kaka, maki 5, alhali wanda aka fesa a gefensa rabin sama kore ne. Mai wucewa zai ce na farkon ya riga nuna. Bai nuna ba, mutuwa ya yi.

Iskar daren jiya ta kwantar da masara da yawa, kuma kusan duk a wannan yankin. Na bi ina matsa gindin kara da yatsu biyu: na yankin da ya ƙone sai ya lotsa, ciki fanko, ɓargon ya saki ya yi duhu. Na irin Samaru tauri gam. Dalilin a fili yake. Idan ganye ya mutu ƙwaya ba ta cika ba, masara takan janyo zaƙin da ta tara a kara ta tura wa goyo, karan ya rame, fumfunar ruɓa ta samu ƙofa. Goyon da ya taɓa ƙasa kuma rabon gara ne da ɓera da ruɓa. Wannan asara ta biyu ba a cika lissafa ta a kan cutar ganye ba, iska ake zagi.

7 ga Oktoba

Girbi. Kafin mu karya mun ɓare ƙwaya daga tsakiyar goyo mun duba gindinta, baƙin ɗigon nan ya fito, alamar ta gama shan abinci. Kowane yanki an karya shi daban, an bar kunyoyin gefe ba a lissafa ba, an zuba a buhu mai lamba. Muna shanya a kan tamfol, ba a ƙasa ba. Labarin ambaliya daga Jigawa da Kogi ya sa ba mai ƙorafin 'yar lemar da ta hana mu shanya jiya.

Goyon yankin da ya ƙone ba gajeru ba ne sosai, abin da ya ruɗi wasu ke nan. Sai an ɗauka a hannu a ji ba nauyi. Tsinin babu ƙwaya, sauran ƙwayoyin sun motse, in aka murɗa goyon sai ya yi sako-sako. Na kunyoyin da aka zage wa karmami haka suke, har Kawu ya kasa ware su da aka haɗa masa a faifai ɗaya.

23 ga Oktoba

An ɓare, an sheƙe, an ɗora a sikeli. Da sikeli muka auna, ba da tiya ba, don motsattsiyar ƙwaya tana cika tiya ba ta cika nauyi.

Irin gida a filin arewa: wanda ba a fesa ba ya gaza wanda aka fesa da kusan kashi ɗaya cikin uku. A nan feshi ɗaya ya biya kuɗinsa har da riba mai kauri. Irin Samaru a fili ɗaya: bambancin fesasshe da wanda ba a fesa ba ɗan kaɗan ne, in aka cire kuɗin magani da ladan mai famfo kusan babu abin da ya rage. Mai aure shi ya fi kowa nauyi a duk filayen, feshi ya ƙara masa matsakaici, ina jin saboda tsatsar ne, sai dai irinsa ba a ajiyewa, kowace shekara sai an saya. A filin kudu kuwa duk iri ukun sun fi takwarorinsu na arewa, kuma feshi bai ƙara wani abin kirki ba, har a irin gida.

Wannan na ƙarshen sai a yi hattara da shi. Filin kudu ya ci riba biyu: babu tsohon kara mai ɗauke da cuta, ga kuma ƙarfin da waken suya ya bar wa ƙasa. Ba za mu iya raba nawa ne na wannan nawa ne na wancan ba da tsarin bana. Abin da na iya tsayawa a kai shi ne cutar ta makara shiga can da kusan mako biyu, kuma makonnin nan su ne na fitar gemu.

Maganar kara ta raba kan 'yan ƙungiya. Masu feshin ciyawa su shuka ba huɗa suna barinsa a sama, nan ne cutar take kwana. Wasu sun ce a cinna masa wuta. Ni ban so ba, ƙasarmu ba ta da kitsen da za mu riƙa ƙonawa. An tsaya a kan a bar shanu su ci abin da za su ci, sauran a binne da huɗar farko ya ruɓe. Dawa ma tana da tata ƙunar ganyen mai kama da wannan, don haka juyin da muka zaɓa na wake ne ko gyaɗa.

Tsarin baɗi: filin arewa za a raba shi biyu, rabi a binne kara, rabi a bar shi a sama, duka masara bayan masara, don a cire waken suya daga lissafi. Za a ƙara iri biyu, ɗaya mai saurin nuna. Kawu ya zaɓi goyo daga 'yan tsirarun masarar gida da suka tsaya da koren ganye a cikin yankin da ya ƙone, waɗanda muka ɗaura wa jan zare tun Satumba. Za mu ba su kunya huɗu su kaɗai. Ya rataye su a rufin madafa inda hayaƙi yake, na rubuta lamba a jikin kowane dami.